Juyin tauraruwa da hasken gamma: tambayoyi da amsoshi kan taurarin fulsa

Tambayoyin nan na ɗaliban lise da na jami'a ne a nan Yamai, waɗanda suka ci karo da batun taurarin fulsa a darasin fizik ko a bidiyoyin da ke yawo a WhatsApp. An haɗa masu kama da juna wuri guda. Wasu amsoshin gajeru ne, wasu kuwa sai an gyara zama.

Malam, mece ce fulsa tukuna?

Gawar tauraruwa ce, amma gawar da ta ƙi kwanciya. Tauraruwar da nauyinta ya ninka na rana sau 8 ko fiye, idan makamashinta ya ƙare, cikinta kan rufta, bayanta ya tarwatse cikin sarari. Abin da ke saura a tsakiya wani dunƙule ne na ƙwayoyin niyutiron, nauyinsa kamar sau 1.4 na rana, faɗinsa kuwa kilomita 20 zuwa 25, bai ma kai tazarar Yamai da Kollo ba. Dunƙulen yana juyawa da gudu, kuma maganaɗisunsa ya ninka na duniyarmu wajen sau miliyar dubu. Haske ba ya fita daga gare shi ta ko'ina daidai wa daida. Duk lokacin da juyi ya kawo ɓangaren da ke haske saitinmu, sai na'ura ta ga ƙyaftawa ɗaya.

Jocelyn Bell ce ta fara gano irinta a 1967, tana ɗaliba a Kembirij ta Ingila. Wadda ta gano tana ƙyaftawa sau ɗaya a kowane sakan 1.337. Kyautar Nobel ta 1974 ta tafi ga malaminta Antony Hewish, ita ba a sa sunanta ba, kuma har yau ana gunaguni a kan haka.

Me ya sa take juyawa da sauri haka?

Saboda ta tsuke. Duk abin da ke juyawa, idan ya tattaro nauyinsa kusa da tsakiya, gudunsa ƙaruwa yake yi. Cikin tauraruwar yana da faɗin dubban kilomita kafin ya rufta, ya koma kilomita 20 cikin abin da bai wuce sakan ɗaya ba. Fulsar da ake kira Ƙaguwa tana zagayowa sau 30 a sakan. Vela sau 11. Geminga sau 4 da ɗoriya. Wadda ta fi kowacce gudu cikin waɗanda aka sani, PSR J1748−2446ad, sau 716 take yi a sakan ɗaya.

Shi hasken gamma, irin wanda ake cewa yana fita daga uraniyum na Arlit ne?

Iri ɗaya ne, asali ne daban. Gamma haske ne kamar wanda ido ke gani, sai dai kowace ƙwayarsa tana ɗauke da makamashi mai yawa. Ana auna shi da ma'aunin ilektiron-bolt, a taƙaice eV. Ƙwayar hasken da ido ke gani tana da eV 2 zuwa 3. Gamma da ke fita daga dutsen uraniyum, ko daga kobalt ɗin da ake ƙona ciwon daji da shi a asibiti, ba ya wuce eV miliyan 1 zuwa 3, kuma daga cikin ƙwayar zarra yake fitowa lokacin da take rushewa. Na fulsa ya fi yawa a wajajen GeV, wato eV miliyar ɗaya. Babu rushewar zarra a cikin sha'aninsa. Ƙwayoyin ilektiron ne aka kora da gudun da ya kusa na haske, aka tilasta musu lanƙwasa hanya, su kuma suka zubar da makamashi a matsayin haske.

Tunda tauraruwar ta mutu, daga ina makamashin ke fitowa?

Daga juyin. Wanda ya riƙe wannan amsa ya riƙe rabin shafin nan.

Rana tana ƙona haidirojin. Fulsa ba ta ƙona komai. Jarinta kawai shi ne juyin da ta gada ranar da ta rufta, kuma daga cikinsa take ci. Shaidar haka ana auna ta kai tsaye: gudunta yana raguwa. Tsawon zagaye ɗaya na Ƙaguwa yana ƙaruwa da kimanin kashi 13 cikin miliyan na sakan a kowace shekara. A ido ba komai ba ne. Amma idan aka lissafa da nauyin abin da ke juyawa, makamashin da take asara a kowane sakan ya fi abin da rana ke fitarwa sau 100,000. Da aka auna hasken gajimaren iskar da ke kewaye da ita, sai aka tarar wannan asarar ta isa ta ciyar da shi. Wannan daidaito na cikin abubuwan da suka gamsar da masana cewa Franco Pacini da Thomas Gold sun yi gaskiya, da suka ce a 1967 da 1968 tauraruwar niyutiron mai juyawa ce ke wannan aiki.

Lissafin yana da tsanani a kan gudu. Idan taurari biyu suna da maganaɗisu iri ɗaya, ɗaya ta ninka ɗaya gudu sau 2, makamashin da take zubarwa sau 16 ne. Shi ya sa sabuwar fulsa take almubazzaranci, tsohuwa kuma take lallaɓawa.

To ta yaya juyi ke zama haske?

Ta ƙa'idar da Michael Faraday ya gano a 1831, wadda kowane janareta ke aiki da ita: maganaɗisu mai motsi yana haifar da ƙarfin lantarki. A fulsa maganaɗisun ya wuce misali, juyin ma haka. A Ƙaguwa ƙarfin ya haura bolt 1 mai sifili 16 a bayansa. A 1969 Peter Goldreich da William Julian suka nuna cewa wannan ƙarfi ya fi ƙarfin nauyin tauraruwar nesa ba kusa ba, don haka yana fizgo ƙwayoyi masu caji daga fatarta, su cika kewayenta.

Inda ƙwayoyin suka wadata, sukan kashe ƙarfin lantarkin da ke bin layukan maganaɗisu, wato hanyoyin da ƙarfin maganaɗisun ke bi a kewayen tauraruwar, komai ya lafa. Inda suka yi ƙaranci, ko inda layukan suka tsinke suka sake haɗuwa, ƙarfin kan tsira, ya kori ilektiron har makamashinsa ya ninka na zamansa sau miliyoyi. Irin wannan ilektiron ba ya iya bin miƙaƙƙiyar hanya, domin layin maganaɗisu a lanƙwashe yake. Duk lanƙwasar da ya yi sai ya tofar da ƙwayar gamma, kuma gabansa yake tofar da ita, ta inda ya dosa. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci: inda hasken zai nufa ya dogara ne da siffar layukan, siffar layukan kuma juyi ne ke tsara ta.

Na ji ana maganar wata iyaka da gudun haske ke shatawa. Mece ce ita?

Duk wanda ya taɓa korar tsuntsaye a gonar hatsi da majajjawa ya san cewa hannu kaɗan yake motsawa, dutsen da ke ƙarshen igiya shi ke shan gudu. Ƙara tsawon igiya, ka ci gaba da juyi da saurin da kake yi, gudun dutsen sai ya ƙaru. Layukan maganaɗisu su ne igiyar fulsa, ƙwayoyin da ke manne da su kuma su ne dutsen. Akwai nisan da idan aka kai, sai ƙwayar ta yi gudun haske kafin ta iya zagayawa tare da tauraruwar, gudun haske kuwa ba a ƙetare shi. Idan aka zana wannan nisa kewaye da sandar juyi, siffar ganga yake bayarwa, don haka a nan za mu kira shi gangar haske.

Lissafinsa ɗan aji ukun lise zai iya: gudun haske, kilomita 300,000 a sakan, a ninka da tsawon zagaye ɗaya, a raba da 6.28. Na Ƙaguwa ya kama kilomita 1,600 daga tsakiya, ya ɗan zarce hanyar mota daga Yamai zuwa Gigimi. Na Vela kilomita 4,300. Na mai juyi 716 kuwa bai kai kilomita 70 ba.

Layukan da suka fita daga tauraruwar suka dawo kafin su taɓa gangar, rufaffu ne, suna juyawa da ita lami lafiya. Waɗanda suka kai gangar ba su da hanyar dawowa. Sukan buɗe, juyi ya ja su baya, su nannaɗe suna tafiya waje. Layukan da suka fito daga ƙuryar arewa ta maganaɗisun da na ƙuryar kudu, wato ƙarshensa biyu, suna fuskantar saɓanin juna, kuma a inda suka yi karo, daga bakin gangar zuwa waje, wani siririn faifai na lantarki yake samuwa. Idan sandar maganaɗisu ta karkace daga sandar juyi, faifan kan yi lanƙwashe-lanƙwashe yana kaɗawa sama da ƙasa. Anatoly Spitkovsky ya fitar da wannan siffa da kwamfuta a 2006, kuma tun daga nan hankalin masu bincike ya karkata can.

A ina ainihin hasken gamma yake tashi, a jikin tauraruwar ko can waje?

An shekara wajen talatin ana wannan gardama. Wani ɓangare ya ce daga saman ƙuryar maganaɗisu ne, kusa da fata, inda ake ganin hasken rediyo yana tashi. Wani ɓangaren, da ya bi lissafin da masana Cheng da Ho da Ruderman suka fitar a 1986, ya ce daga wani wawakeken gurbi ne can kusa da gangar haske.

Abin da ya raba gardamar shi ne cewa maganaɗisu mai tsanani yana cinye gamma. Kusa da fatar tauraruwar, ƙwayar gamma mai ƙarfi ba ta tsira: takan rikiɗe ta zama ilektiron da kishiyarsa fositiron. Da daga can ƙasa hasken ke tashi, da an ga ya yanke kwatsam bayan ƴan GeV. A 2008 na'urar MAGIC da ke tsibirin La Palma na ƙasar Sipaniya ta kama ƙyaftawar Ƙaguwa sama da GeV 25. A 2011 VERITAS da ke Arizona ta Amurka ta kama ta sama da GeV 100. Tauraron ɗan adam Fermi, wanda aka harba ranar 11 ga Yunin 2008, ya nuna cewa a taurari da dama hasken a hankali yake dusashewa idan makamashi ya hau, ba yankewar wuƙa ba. Maganar ƙurya ta faɗi. Gardamar da ta rage ita ce tsakanin cikin gangar da faifan da ke bayanta, kuma a ganina hujjar faifan ta fi nauyi yanzu, domin shi ne ke fitowa da kansa duk lokacin da aka sa kwamfuta ta bi ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya.

Me ya sa yawancinsu ke ƙyaftawa sau biyu a zagaye ɗaya?

Amsar farko da ke zuwa wa mutum ita ce ƙurya biyu, ƙyaftawa biyu. Da haka ne, da tazarar da ke tsakaninsu rabin zagaye ce cif a kullum. A Vela kashi 43 cikin 100 na zagaye ne, a Ƙaguwa kashi 40. Ƙari a kan haka, ƙyaftawar gamma ta farko a Vela tana zuwa ne bayan ta rediyo da kimanin kashi 13 cikin 100 na zagaye.

Abubuwa uku ne ke haɗuwa, kuma dukansu ƴaƴan juyi ne. Na farko, juyi yana jan layukan maganaɗisu baya. Na biyu, abin da ke gudu kusa da gudun haske, haskensa gaba yake karkata, ta inda yake dosa, kuma kusa da gangar komai irin wannan gudu yake yi. Na uku, hasken da ya tashi daga wuri mai nisa da mu yana makara a hanya, kuma kafin haske ya ratsa daga tsakiya zuwa bakin gangar, tauraruwar ta riga ta juya kusan kashi ɗaya cikin shida na zagaye. A wani gefen waɗannan abubuwa suna ƙara wa juna, sai hasken ya bazu ya yi rauni. A ɗaya gefen suna soke juna, sai ƙwayoyin hasken da suka tashi daga tsayi daban-daban, a lokuta daban-daban, su iso wurinmu a tare. Wannan cunkoson ne muke gani a matsayin ƙyaftawa mai kaifi. Ba wai wurin ya fi sauran wurare haske ba ne, lokacin isowa ne ya zo ɗaya.

Shi kuma faifan, tunda kaɗawa yake yi, yana ratsa saitinmu sau biyu a zagaye, sau ɗaya yana hawa, sau ɗaya yana sauka. Tazarar da ke tsakani ta dogara da kusurwa biyu: yadda maganaɗisun ya karkace daga sandar juyi, da kuma ta inda mu muke kallo. Wanda ke kallo daga gefe sosai yana iya ganin ƙyaftawa ɗaya tak. Masu bincike kan bi lissafin ta baya, su ɗauki siffar ƙyaftawar su fitar da kusurwoyin tauraruwar da ba wanda ya taɓa ganin fuskarta.

Me ya sa ake ganin wasu da gamma amma ba a jin su a rediyo?

Hasken rediyo siriri ne, daga ƙurya yake fita, sai wanda ya dace da saitinsa. Gamma kuwa a baje yake kewaye da ƙugun tauraruwar, yana share babban yanki na sama. Geminga ce ta fara koya wa mutane wannan darasi. Tauraron ɗan adam SAS-2 ya hango ta a farkon shekarun 1970, aka yi ta lalube kusan shekara ashirin ba a san ko mece ce ba, sai a 1992 aka kama bugunta na sakan 0.237 a hasken X. Watanni kaɗan bayan harba Fermi, ya gano fulsa a cikin ragowar fashewar da ake kira CTA 1 ta hanyar gamma kaɗai. Kafin Fermi, waɗanda aka tabbatar suna ba da gamma ba su kai 10 ba. Kundinsa na uku, na 2023, yana da 294, kuma kusan rabin masu ƙuruciya a cikinsu shiru suke a rediyo.

Ke nan wadda ta fi gudu ita ta fi haske?

Da sauƙi haka, da an huta. Galibin masu ba da gamma suna zubar da makamashin da ya kai na rana ko ya fi. Amma hasken ba ya hawa kafaɗa da kafaɗa da makamashin: a ƙiyasi, idan makamashi ya ninka sau 100, gamma sau 10 yake ninkawa. Ƙaguwa, duk da ƙarfinta, ko kashi 1 cikin 100 ba ta mayarwa gamma. Saura yana tafiya cikin iskar ƙwayoyin da take hurawa. Vela tana mayar da kimanin kashi 1. Geminga, wadda ta tsufa ta rage gudu, kaso mai tsoka take mayarwa. Nisa ma yana da nasa: Vela tana nisan da haske ke yi wa tafiyar shekara 900 da ɗoriya, Ƙaguwa kuwa 6,500, don haka Vela ce ta fi kowane tsayayyen abu haske a sararin GeV.

Masu juyin ɗaruruwa a sakan su ne suka ba da mamaki. Tsofaffi ne, shekarunsu miliyoyin dubbai, maganaɗisunsu ya gaza na matasa wajen sau 10,000. Wata tauraruwa maƙwabciya ce ta yi ta zuba musu iskar jikinta har gudunsu ya dawo. An gano ta farko, PSR B1937+21, a 1982, tana juyi 642 a sakan. Da yawa ba su zaci za su ba da gamma sosai ba, sai ga shi kusan rabin kundin Fermi su ne. Dalili shi ne gangarsu a kusa take, kilomita 100 ko 200, inda maganaɗisun bai riga ya yi rauni ba. Ƙarfinsa a bakin gangar shi ne abin dubawa, kuma a can tsohuwa mai gudu tana iya yin kunnen doki da matashiya.

An taɓa ganin juyi ya canza, gamma ma ya canza tare da shi?

An gani. A watan Oktoban 2011, hasken gamma na PSR J2021+4026 ya ragu da kusan kashi 20 cikin 100, a daidai lokacin da saurin rage gudunta ya ƙaru da kimanin kashi 4. Fassarar da ta fi karɓuwa ita ce tsarin maganaɗisun kewayenta ne ya sauya, ya taɓa birkin da hasken a lokaci guda.

Yaya ake gane ƙyaftawa sau 30 a sakan daga irin wannan nisa?

Da haƙuri da agogo mai kyau. Ƙwayoyin gamma ɗai-ɗai suke zuwa. A taurari masu rauni, tauraruwar kan yi zagaye dubbai ko miliyoyi tsakanin ƙwaya ɗaya da mai bi mata. Fermi yana kewaya duniya a tsayin kilomita 500 da ɗoriya, hanyarsa tana bi ta saman Nijar, kuma kafin 2018 yakan leƙa sama gaba ɗaya cikin awa 3. Duk ƙwayar da ta faɗo masa, yana rubuta inda ta fito, da ƙarfinta, da lokacin isowarta. Sai a tara na shekaru, a tambayi kowace ƙwaya a wane matsayi na zagaye ta iso. Idan an san tsawon zagayen daidai, ƙwayoyin sukan taru wuri biyu. Idan an kuskure ko da kaɗan, komai ya watse. Inda babu rediyon da zai ba da tsawon zagayen, sai kwamfuta ta gwada adadi bila haddin, kuma shirin Einstein@Home, mai aron kwamfutocin ƴan sa-kai, ya gano da dama ta haka.

Malam, bidiyon da ake jin tauraruwa tana ƙwanƙwasa kamar ana buga ƙofa, ana haɗa shi da Suratu Ɗariƙ, gaskiya ne?

Tafsirin aya na malaman tafsiri ne, su za a tambaya. Abin da fizik ke iya faɗi shi ne sauti ba ya ratsa sararin da babu iska. Ƙarar da ke cikin bidiyon saƙon rediyo ne aka zuba wa lasifika. Fulsa mai zagaye ɗaya a sakan takan ba da ƙwas-ƙwas, Vela ta yi kamar inji, mai juyi 642 kuwa fito ne siriri, babu ƙwanƙwasa ko ɗaya.

Hasken nan zai iya cutar da mu?

A'a. Kaɗan ne ƙwarai ke isowa, kuma iskar da ke kanmu tana tare shi kamar yadda ruwa mai zurfin mita 10 zai yi.

Ana iya ganin ɗaya daga Yamai ko Tawa?

Da ido tsirara, a'a, amma wurarensu suna samanmu. Ƙaguwa tana gabas da Kaza da ƴaƴanta, kuma a Disamba da Janairu takan bi kusa da tsakar ka da dare. Geminga ma haka, tana biye da ita. Vela tana kudu, tana hawa har wajen digiri 30 a daren Fabrairu da Maris. Ƙaramin madubin hangen nesa yana nuna gajimaren Ƙaguwa kamar ɗigon hayaƙi, in an fita bayan gari kuma hazon hunturu ya yi sauƙi. Fashewar da ta haife ta an gan ta da ido a 1054. Masana taurari na ƙasar Sin sun rubuta cewa kwana 23 ana ganinta da rana tsaka.

Wane abu ne ya fi ɗaure wa masana kai yanzu, kuma ɗalibi a nan yana da abin yi?

A 2023 na'urorin H.E.S.S. da ke tsaunukan Khomas na Namibiya suka ba da rahoton ƙyaftawar Vela har zuwa TeV 20, wato GeV 20,000. Su daga ƙasa suke aiki, suna kama ɗan walƙiyar shuɗin hasken da gamma ke haddasawa idan ya daki iska. Lanƙwasar hanya kaɗai ba ta kai haske wannan matsayi. Bayanin da aka bayar shi ne ilektiron mai tsananin gudu ne ke dukan ƙwayar haske mai rauni, ya ɗora mata makamashinsa. Inda ake samun ilektiron mai irin wannan ƙarfi, a bakin gangar ne ko can bayanta, shi ake ta lissafi a kai.

Bayanan Fermi a buɗe suke ga kowa a intanet, tare da manhajojin tace su. Ɗalibin fizik a Jami'ar Abdu Mumuni ko ta Jibo Hamani ta Tawa, in yana da kwamfuta da ɗan sanin Python, zai iya sauko da ƙwayoyin Vela na wata guda ya fitar da ƙyaftawarta biyu da hannunsa. Ita ce ta dace da mai farawa, domin haskenta yana da yawa, ba sai an tara na shekaru ba. Bayan ita sai Geminga, wadda tazarar ƙyaftawarta ta kusa rabin zagaye cif, gangarta kuma tana nisan kilomita 11,300.